Manhaja a kujerar malamin tuƙin jirgi

Wani labari ya ce ana son manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ta riƙa jagorantar ɗalibai a na'urar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, tana lura da kurakuransu, tana ƙara musu wahalar darasi ko ta sassauta. To, madalla. Ko sau nawa inji ya mutu a na'ura ba wanda zai rasa ransa, kuma manhaja ba ta gajiya balle ta daka wa ɗalibi tsawa.

Amma fa ni ina da ja. Ku tuna jirgin US Airways da ya sauka a kogin Hudson da ke New York a 2009, bayan tsuntsaye sun kashe injinansa biyu, mutum 155 duk suka tsira. Da masu bincike suka maimaita lamarin a na'ura, wasu matuƙan sun koma filin jirgin sama na LaGuardia, inda jirgin ya taso, lafiya lau, don sun riga sun san abin da zai faru. Da aka saka jinkirin daƙiƙa 35, wato lokacin da mutum zai ɗauka kafin ya gane me ke faruwa, jirgin bai kai ba.

Wa zai koya wa manhaja wannan ɗimuwar? Gara a bar gogaggen matuƙi yana zaune bayan ɗalibi, ita kuma ta riƙa tattara masa kurakuran.