Laburare ba aikin gayya ba ne

Duk lokacin da wata ƙaramar hukuma a Ingila ta ce za ta "miƙa wa al'umma" laburarensu, abin da take nufi shi ne za ta sallami ma'aikata, ta janye kuɗinta, ta bar wa mutanen unguwa makullin gini da takardar kuɗin wuta. Tun 2010, da gwamnatin David Cameron ta shigo da tsuke bakin aljihu, ake wannan ungulu da kan zabo. Alƙaluman 2019 na CIPFA, cibiyar akantocin kuɗin gwamnati ta Birtaniya, sun nuna an rufe laburare 773 a Birtaniya cikin waɗannan shekaru. Ma'aikata masu albashi sun ragu daga 24,000 zuwa kimanin 15,300, masu aikin sa-kai kuma sun haura 51,000.

Ba na zargin masu sa-kan. Mutum ya ga za a garƙame ɗakin karatun da 'ya'yansa ke zuwa, an ce masa ko ka riƙe ko a rufe, me zai yi? Haka mutanen Kensal Rise a Landan suka yi bayan hukumar Brent ta rufe laburare 6 cikin 12 a 2011. Suka yi shekaru suna fafutuka har suka sake buɗe nasu da guminsu. Sun cancanci jinjina. Amma gayya ta kwana guda ce: a taru a nome gona, a ci tuwo, a watse. Ba a kafa hidimar da ake buƙata kullum, rani da damina, a kan wanda ya sami sarari yau, gobe kuwa jikarsa ba ta da lafiya.

Masu yanke kasafi suna yi kamar aikin ma'aikaciyar laburare bai wuce buga hatimi a littafi ba. Su je su zauna kusa da teburinta da safe. Ga dattijon da aka kora daga aiki, an ce ya nemi Universal Credit, tallafin gwamnati ga marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, ta intanet, shi kuwa ko adireshin imel ba shi da shi. Ita ce za ta ja kujera ta zauna da shi, ta nuna masa inda zai danna, ta kawar da kai lokacin da zai rubuta lambar sirrinsa. Ita ta san yaron da ke zama har a rufe don gidansu babu ɗumi, ta kuma san wanda za ta sanar idan ta ga alamar duka a jikinsa. Wannan horo ne, kuma akwai wanda za a tuhuma idan an yi sakaci. Idan mai sa-kai bai zo ba ranar Talata, wa za ka kai wa ƙara?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda tsarin ke rarraba mutane. Ƙauyen masu hali, mai cike da tsofaffin malamai da akantoci da suka yi ritaya, zai iya haɗa kwamiti, ya rubuta takardar neman tallafi, ya tara kuɗin gyaran rufi. Unguwar da kowa ke aikin dare ko yana haɗa aiki biyu ba ta da irin waɗannan mutane. Can ne kuwa aka fi buƙatar kwamfuta kyauta da wurin yin aikin makaranta. Harajin kuma duka suna biya.

Gaskiya ne ƙananan hukumomin suna cikin matsi. Gwamnatin tsakiya ta zaftare abin da take ba su, kula da tsofaffi da yara marasa galihu kuma yana lashe mafi yawan abin da ya rage. Hukumar Northamptonshire ta tsiyace a 2018, ta Birmingham ta bi sahu a 2023. Sai dai kuɗin laburare ɗan ƙanƙani ne a kasafin, ko an rufe su duka ba za a cike giɓin ba. Ana fara taɓa su ne don masu amfani da su ba su da baki a majalisa.

Sannan wannan ba alfarma ba ce. Dokar laburare da gidajen tarihi ta 1964 ta wajabta wa hukumomin samar da cikakkiyar hidima mai inganci. A 2011 Babbar Kotu ta soke shirin hukumomin Gloucestershire da Somerset na janye kuɗi daga wasu laburare, a 2018 kuma ta hana Northamptonshire shirinta na rufe laburare 21 cikin 36. Amma kotu tana duba yadda aka yanke shawara ne kawai. Hukumar Lincolnshire ta sha kaye a kotu a 2014 kan shirinta na rage laburare, ta sake jin ra'ayin jama'a, ta dawo ta aiwatar da kusan abin da ta so tun farko.

Ita dokar ta ba ministan al'adu ikon kafa bincike idan hukuma ta gaza. An yi haka a Wirral a 2009, hukumar ta janye shirin rufe laburare 11 tun kafin a fitar da rahoto. Ikon yana nan. Ya kamata minista ya yi aiki da shi, ya kuma fayyace cewa reshen da babu ma'aikaci mai albashi ko ɗaya a cikinsa ba zai shiga lissafin abin da hukuma ta sauke na wajibinta ba.