Limamin Credenhill da adakar kakana

A babban cocin Hereford da ke Ingila na fara cin karo da sunan Thomas Traherne, wani marubucin waƙoƙi, a wani ɗan ɗaki da aka ƙawata da tagogin gilashi masu launi a 2007 don tunawa da shi. Ko Turawan da nake aiki da su ba su san shi ba.

Ɗan mai ɗinkin takalma ne. Ya yi karatu a Oxford, ya zama limamin coci a ƙauyen Credenhill, ya mutu a Teddington a 1674 bai cika shekara 40 ba. Littafi ɗaya aka buga masa yana da rai, shi ma na jayayyar addini ne. Waƙoƙinsa kuwa, waɗanda yake yabon Mahalicci da mamakin halitta kamar yaron da ya fara buɗe ido, sai da suka yi sama da shekara 200 ba wanda ya ji ɗuriyarsu. Wajajen 1896 wani ya tsinci rubutun a rumfar tsofaffin littattafai a Landan. Da farko an zaci na wani marubucin waƙoƙi ne mai suna Henry Vaughan, har wani mai sayar da littattafai, Bertram Dobell, ya bi diddigi ya gano mai shi, ya buga a 1903. Wani kundin ma a juji aka fizgo shi daga wuta a Lancashire.

Da na ji wannan, kakana ya faɗo mini a rai. Malamin zaure ne, yana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, yana adanawa a gafaka cikin adaka. Bayan rasuwarsa ba wanda ya taɓa adakar saboda girmamawa. Ranar da aka buɗe ta, gara ta gama da fiye da rabi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Mun fi Turawa ganin darajar takarda mai sunan Allah. Ko a hanya muka gan ta sai mun ɗauke. Su sun jefa tasu a juji. Amma da aka tsamo ta, akwai wanda zai zauna ya gwada rubutu da rubutu, akwai ɗakin ajiya da za a kai ta. Mu ma muna da Arewa House a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, sai dai gidanmu ba wanda tunaninsa ya kai can, har da ni.

Ta wani gefen kakana ya fi Traherne sa'a. Waƙoƙinsa sun shiga bakin mutane tun yana raye, gwaggona har yanzu tana rera wasu baitoci in tana tankaɗe. Amma ta tsufa, kuma jikokinta ba su iya ajami ba.

Makon jiya na roƙi ƙanena ya ɗauki hoton ragowar takardun da waya, ya kuma naɗi muryar Gwaggo. Ya turo mini shafi 14. Uku daga ciki ba sa karantuwa.