Ranar da na kwashe ruwan Legas da kular abinci

Shekara 15 ina wayarin gidaje a Kano, ba a taɓa kawo ƙarata ba. Shi ya sa da yayan matata, mai kwale-kwalen inji a Legas, ya ce in haɗa masa fitila da oda da famfon kwashe ruwa, sai na ce, "Yaya, wannan ai kafin shayi ya huce ne." Na zaro ragowar wayar gida mai silli ɗaya, na fere, na murɗe, na naɗe da salatif har zagaye bakwai, saboda zumunci.

Wata biyu lafiya lau. A na uku muna tsakiyar ruwa gab da magariba sama ta ɓalle. Yaya ya danna famfo, shiru. Ya danna oda, ta yi wani ɗan kuka kamar akuya mai mura. Bai ce komai ba, kallona kawai ya yi, ya kalli kular shinkafata. Haka na juye abincin dare ga kifaye, na durƙusa ina kwasar ruwa har gaɓa.

Washegari ya kai ni wurin wani dattijo mutumin Yawuri da ke gyaran jirage. Baba ya tsaga salatif ɗina, ruwa ya ɗigo daga ciki. Tagullar ta yi kore shar kamar miyar kuka. Ya ci gaba da fere robar, har kusan kamu guda wayar baƙa ce, don ruwan gishiri yana bin ƙarƙashin roba kamar kananzir a lagwani. Ya ɗora mita: bakin batir volt 12.6, bakin famfo 9. Sauran wutar tana ƙarewa a cikin tsatsata.

"Ɗana, salatif ba ya hana ruwa shiga, fita yake hana shi."

Sai ya zaunar da ni kamar sabon yaron shago. Wayar jirgi mai silili da yawa ce, kowane silli da rufin kuza, don mai silli ɗaya girgizar inji ke karya ta. A fere kamar milimita 7, kada a yanke ko silli guda. A zura a kan haɗi, wato ɗan bututun ƙarfe mai rigar roba da ake matse waya a ciki, daidai kaurinta: ja na siririya har murabba'in milimita 1.5, shuɗi har 2.5, rawaya na 4 zuwa 6. A matse da matsin da ba ya saki sai ya kai ƙarshe, ba filaya ba, balle haƙori (a nan ya dube ni, ban san wa ya gaya masa ba). A finciki wayar, in ta fito a sake. Sannan a rufe haɗin da robar nan mai gam a ciki da ke tsukewa in ta ji zafi, a gasa ta, daga tsakiya zuwa gefe, sai an ga gam ya ɓullo ta baki biyu.

Na ce to dalma fa? Ya ce dalma ita kaɗai tana sandarar da waya, daidai inda ta tsaya nan take karyewa.

Kan da ke zuwa noti mai zobe ne, ba mai buɗaɗɗen baki ba. Bayan ɗauri a shafa giris ɗin lantarki. Fis ya zauna kusa da batir, cikin santimita 18. A ɗaure waya duk bayan santimita 45, a ɗaga haɗi sama da inda ruwa ke kwanciya, a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga haɗin, ɗigo ya sauka can. Nawa kuwa a ƙasan jirgi na kwantar da shi, don kada ya ɓata ado.

Muka gama, mita ta nuna 12.3 a bakin famfo. Oda ta yi ƙara har masunta suka waiwayo. Yaya ya biya Baba, ya saya mini sabuwar kula, amma ya ɗaure ta da igiya a cikin jirgin, wai ko da zan sake taɓa masa waya.