Ƙannena, Ku Auna Su Da Mudu Ɗaya

Daren Juma'ar da ta wuce na tsaya wajen mai shayi a Tudun Wadar Zariya, na tarar majalisa ta ɗau zafi. Samari ne wajen takwas, yawancinsu ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na harabar Kongo, ana ta yi wa Amurka wankin babban bargo. Ɗaya daga cikinsu, yaro mai kaifin baki da na san mahaifinsa, ya ajiye wayarsa kan benci, sai ta haska, ga hoton Putin ya cika fuskarta. Na ce masa, "Wannan fa, kawunka ne?" Aka bushe da dariya. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Yaya, ai yanzu shi ne gatan Musulmi." Har shayina ya huce ina juya maganar nan a raina.

Zargin da kuke wa Amurka da ƙawayenta, ban zo in raba ku da shi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ina ɗalibi a babbar harabar jami'ar da ke Samaru a 2003, muna kewaye rediyo guda a ɗakin kwana, lokacin da sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, ya zauna gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu, ya ɗaga wata 'yar kwalba, ya ce Saddam na ɓoye da makaman ƙare-dangi. Ranar 20 ga Maris aka afka wa Iraƙi. Aka kifar da gwamnati, aka rusa rundunar sojan ƙasar, aka bincike lungu da saƙo, makaman nan ba a same su ba. Abin da duniya ta gani a 2004 hotunan gidan yarin Abu Ghraib ne, fursunoni tsirara ana wulaƙanta su. Daga cikin wannan kufai ISIS ta tsiro. Saddam ɗin nan kuma, lokacin da yake yaƙi da Iran daga 1980 zuwa 1988, ɗan gaban goshi ne. A 1983 Donald Rumsfeld ya je har Bagadaza ya sha hannu da shi, shekara ashirin bayan nan shi ne sakataren tsaron da ya jagoranci yaƙarsa. Ita kanta Iran, a 1953 hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suka haɗa baki aka hamɓarar da firaministanta Muhammad Musaddak, laifinsa ya mai da man ƙasarsa mallakar ƙasarsa. Sai a 2013 CIA ta fito da takardun da suka tabbatar da hannunta a ciki. Gaza kuwa kuna gani da idonku a wayoyinku: dala biliyan 3.8 duk shekara Amurka ke bai wa Isra'ila na taimakon soja ƙarƙashin yarjejeniyar 2016, kuma sau da yawa in an kawo ƙudurin tsagaita wuta sai ta hau kujerar na-ƙi.

Wanda ya fi taɓa mu nan gida shi ne na Libiya. A Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 da ya buɗe ƙofar kai wa Libiya hari, aka ce don kare farar hula ne. Kafin ƙarshen Oktoba an kashe Gaddafi a Sirte, rumbunan makamansa sun zama na kowa ya samu rabonsa. Shekara na zagayowa arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi, har yau yankin Sahel bai huta ba. Obama da bakinsa ya ce a 2016 rashin shirya abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne kuskure mafi muni a mulkinsa. Shi ya faɗa ya wuce, mu aka bari da jidali.

To amma ga abin da na tambayi yaron nan, ya kasa ba ni amsa. Ranar da aka kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurin Libiya, Rasha na da ikon hawa kujerar na-ƙi. Me ta yi? Ta ƙaurace, ita da China, ƙuduri ya wuce. Nijeriyarmu ma tana cikin kwamitin a lokacin, kuma hannu ta ɗaga ta amince. Wannan ba a cika faɗarsa a majalisa ba.

Gatan Musulmin da ake faɗa, ku buɗe littafinsa ku gani. Tarayyar Sobiyet ce ta shiga Afganistan a Disamba 1979, ta kwashe sama da shekara tara tana luguden wuta, miliyoyin mutane suka tsere Pakistan da Iran, ba ta fita ba sai 1989. Birnin Grozny na Checheniya, garin Musulmi, sau biyu sojan Rasha suka mai da shi kufai, karo na biyu daga 1999 zuwa 2000, a hannun mutumin da ke kan fuskar wayar ƙanena. Daga Satumba 2015 jiragen Rasha suka shiga yaƙin Siriya don tsare kujerar Assad, mutanen gabashin Aleppo sun san abin da ya sauko musu daga sama. Kusa da mu, a garin Moura na Mali, ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a Maris 2022, ya ɗora alhakin kan sojan Mali da wasu fararen fata da ke tare da su, waɗanda ake kyautata zaton 'yan Wagner ne, wato sojojin hayar Rasha. Gwamnatin Mali ta yi watsi da rahoton. Waɗanda aka binne dai talakawa ne irinmu, da yawansu kasuwa ta kawo su garin. China kuma, ku nemi labarin Musulmin Uigur na Xinjiang da rahoton da ofishin nan ya fitar a Agusta 2022. Da aka nemi a yi muhawara kawai a kan rahoton, ƙasashen Musulmi irin su Pakistan da Indonesiya da Ƙatar suna cikin waɗanda suka ce a'a. Bashi da ciniki sun ɗaure musu baki.

Shi ya sa lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024, da na ga yaranmu a Kano da Kaduna suna kaɗa tutar Rasha mai fari da shuɗi da ja, raina ya ɓaci. Yunwar da ta fito da su gaskiya ce, ni ma ina sayen masara a kasuwar da suke saye. Amma tutar ba ta ƙara wa kowa ko tiya guda ba, sai ma ta jawo aka kama teloli da yara aka tsare.

Mu Zazzagawa bai kamata a koya mana wannan karatu ba, don a gidanmu aka yi shi. Lokacin da Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya addabi ƙasar Zazzau da hare-hare, Sarki Kwasau ya nemi agajin Turawa. Suka zo a 1902, suka kawar masa da barazanar, suka kafa sansani, suka zauna. A 1903 an naɗa Aliyu Ɗan Sidi a madadinsa, shi kuwa Kwasau a Lokoja ya ƙare kwanakinsa. Ɗan Sidin ma daga baya suka tuɓe shi, suka kai shi Lokojan. Ba na zargin Kwasau da wauta, mutum ne da wuta ta ci gefen rigarsa ya kama abin da hannunsa ya kai. Amma duk wanda ya wuce ta ƙofar fadar nan ya kamata ya tuna yadda mai ceto yake zama mai gida. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai kuma wani kuskure da nake ji a bakinku, cewa duk abin da manyan ƙasashe ke yi ƙiyayyar Musulunci ce tsagwaronta. Ƙiyayya tana nan, ba na musu. Sai dai in ita kaɗai ce, yaya za ku fassara 1999, da jiragen NATO suka yi wa Sabiya ruwan bama-bamai a kan rikicin Kosovo, inda mafi yawan mutane Musulmi ne? Yaya za ku fassara amincin Amurka da Saudiyya tun zamanin Sarki Abdul'aziz? Abin da ke juya su mai ne, da mashigin teku, da kasuwar makamai, da wurin kafa sansanin soja, da zaɓen da ke gabansu a gida. Faransa ba don son Nijar ta daɗe a Arlit ba, yuraniyam ne. Wanda ya zo bayanta ma ba zumunci ya kawo shi ba. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: bama-baman da suka sauka a Yemen daga 2015 ƙirar Amurka da Birtaniya ne, amma matuƙan jiragen suna kallon alƙibla ɗaya da waɗanda suka mutu.

Zargin da ba a tace ba, kanmu yake komawa. Mun gani a 2003 da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano. Tsoron yana da tushe, mutane ba su manta gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda yara 11 suka mutu cikin 200. Amma wa ya biya kuɗin ƙauracewar? Yaranmu ne suka shanye, cutar ta tsallaka wasu ƙasashe, mutanen Washington ko ciwon kai bai same su ba.

Saboda haka in saƙon murya ya faɗo muku a WhatsApp, wani yana rantsuwa ya gano asirin Yahudu da Nasara, ko wani bidiyo yana kirari ga Mosko, ku dakata kafin ku tura. Wa ya haɗa shi? Wace shekara abin ya faru, a wane gari? Wa zai ci riba in na yarda? Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman a garin nan ya shekara da shekaru yana koya wa ɗalibai su tuhumi kowace majiya, ta Bature da ta gida, kafin su kafa hujja da ita. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim yana nan a Samaru, kuɗin mota daga Kongo bai kai na datar da kuke ƙonawa a dare ɗaya ba.

Da zan tashi, yaron nan ya biyo ni har wajen babur, ya ce, "To Yaya, in ba Rasha ba, wa za mu bi?" Na ce ya fara nemo mini labarin Grozny tukuna, Juma'a mai zuwa mu haɗu a bencin nan, kuɗin shayi da ƙwai a wuyana. Ya ce in rubuta masa sunan garin, na karɓi wayar na rubuta, Putin yana kallona.