Ba Kullum Laifin Sabis Ba Ne

A wani shagon kwamfuta da ke Samaru na ga wata ɗaliba tana cike fom a intanet. Ta kai tsakiya sai shafin ya cije, ta ja ƙasa ya ƙi gangarawa, maɓallin turawa kuwa yana can ƙarshe. Ta ce, "Malam, sabis ne." Mai shagon ya yarda, har ya kai modem ɗinsa bakin taga.

Mun saba ɗora wa sabis komai, alhali sau da yawa ba ruwansa. In sabis ne, shafin ba zai buɗe ba, ko hotuna su yi ta jan ƙafa. Amma shafin da ya gama saukowa, rubutu ya hau kan rubutu, ya kuma ƙi motsi, to a duba burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome. Masu gina shafuka suna amfani da sababbin umarni, tsohuwar burauza kuwa ba ta gane su, sai ta tsallake ko ta tsaya cak.

Kwamfutar shagon nan Windows 7 ce, kuma Chrome 109 na Janairun 2023 shi ne na ƙarshe da Google ya fitar mata. Opera Mini ma, da muke so saboda tattalin data, a kwamfutocin kamfanin ake matse shafi kafin ya iso waya, shi ya sa wasu fom ba sa aiki a cikinta.

Gwajin ba wuya: a buɗe shafin a wata burauzar da sabis ɗin nan dai. Ɗalibar ta gwada a wayarta da sabis ɗin modem ɗin shagon, shafin ya gangara sumul. Ina roƙon masu gina shafuka su riƙa gwadawa a irin tsofaffin kwamfutocin nan, domin su ne a hannun jama'armu.