Keke Ya Ja Mini Jaje

Ƙanena da ke karatu a Tuluz, can ƙasar Faransa, shi ya ɗauko mini wannan rigima. Ya turo hotuna ta WhatsApp: wata doguwar hanyar ruwa da mutane suka haƙa da hannu, itatuwa sun yi mata rumfa dama da hagu, ga tsofaffin Turawa, wasu sun girmi babanmu, suna ta murza keke a gefenta, wasu na tafe a ƙasa da jaka a baya. Ya ce, "Yaya, in Allah ya kawo ka, nan za mu bi. Canal du Midi ake ce mata, kilomita 240 daga Tuluz har kusa da bakin teku."

Kilomita 240? Ai Maradi zuwa Damagaram ke nan, tafiyar da nake yi ina barci a mota, sai dai in farka a Tasawa in sayi tsire. Na ce masa ya sa sunana.

Ni mutum ne mai son tsari. Na sayi sabon littafi, kullum in an tashi daga kasuwa sai in zauna ina cika shi. Na gano wanda ya haƙa ruwan, Pierre-Paul Riquet, mai karɓar harajin gishiri ne, ya fara aikin a 1666. Hanyar da ake bi da keke yanzu ta dawakai ce a da, su ke jan jiragen ruwa da igiya. Akwai ƙofofin ruwa 63 da ke ɗaga jirgi su sauke shi, kuma wuri mafi tudu a duk tafiyar mita 189 ne kacal sama da teku. Na raba hanyar kilomita 40 a yini, na rubuta masauki a Kastelnodari, Karkason da Beziye. A gaban Kastelnodari na ja layi biyu, don an ce garin ya yi suna da wani dafaffen wake da ake zuba wa naman alade: a tambaya kafin a sa hannu.

Ina karanta wa uwargida duk wannan, tana tsince shinkafa. Da na zo inda mutumin ya rasu a 1680, ana saura 'yan watanni a buɗe ruwan a 1681, sai ta ɗago kai ta ce, "To shi ma ke nan bai ga ƙarshen hanyar ba. Malam, ka dai yi tunani."

Abin da ya rage shi ne gwaji. Na shiga ɗakin shirgi na fito da keken marigayi Baba, wanda kaji suka daɗe da mayarwa wurin kwana. Mai gyaran bakin kasuwa ya zagaya shi ya ce, "Alhaji, ƙararrawar dai lafiyarta lau." Aka sake taya, aka sake kaca, feda, burki da sirdi. Da ya yi lissafi, jikkunan da na ƙirga masa sun isa in sayi wani keken har in ba yara canji.

Ran Lahadi na ce zan je Tibiri in dawo, ga ta nan kusa. Uwargida ta ɗaure mini guzuri a kariya: kilishi, ƙuli-ƙuli, fura a gora, buta da dardumar salla. Na sa babbar riga, don ba zan ratsa unguwa da ɗan gajeren wandon nan na Turawa ba, ina da surukai a gari. Watan Afrilu ne kuwa, zafi ya haura digiri 40, kuma babu wanda ya dasa mini rumfar itatuwa a hanyar Tibiri.

Ban fita unguwar Zariya ba kaca ta kama bakin rigar. Keke ya tsaya cik, ni ban tsaya ba. 'Yan kabu-kabu da ke zaune a inuwa suka taso suka ɗaga ni, ɗaya na kaɗe mini ƙura yana cewa, "Baba, ina babur ɗinka?" Na ce yana gida. Ya ce, "Allah sarki." Ban gane nauyin wannan Allah sarki ɗin ba sai daga baya.

Na naɗe rigar na ci gaba. Bayan gari wata babbar mota ta danno mini oda, na sauka daga kwalta na faɗa rairayi, kuma a rairayin nan tsidau ke jira na. Taya biyu suka sace lokaci guda. Famfo kuwa yana gida, kan littafin tsari, inda na ajiye shi don kada in manta. Na zauna gindin aduwa na shanye furar da aka tanada don dawowa. Wani bawan Allah mai amalanken shanu da ya ɗauko itace zuwa gari ya tausaya mini, ya ɗora keke a kan itacen, ni kuma a kan keken. Haka na shigo Maradi da la'asar, sama da kowa, ina amsa gaisuwa.

Kafin magariba labari ya gama unguwa: Alhaji ya karye. An sayar da babur, an koma keke, keken ma ya gagara. Maƙwabta suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zauna ya sunkuyar da kai ya ce arziki na Allah ne. Na ce motsa jiki nake, zan je Faransa yawon keke. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Haka ne, haka ne," ya juya ya yi wa na kusa da shi raɗa. Daga nan aka ƙara sabon babi, wai abin ya fara taɓa kai.

Washegari da asuba mutumin da ke bi na kuɗin atamfa, wanda ya ce sai bayan salla, ya yi sallama. Waɗanda nake bi kuwa, duk wayoyinsu suka mutu. Da hantsi surukina ya aiko yaro da buhun gero da saƙon cewa kada in ji kunya, ɗa na kowa ne. Na ce a mayar. Uwargida ta ce ba a mayar da kyautar babba, ta sa aka shigar da shi ɗaki.

Da dare na kira ƙanena, ina kwance rub da ciki saboda aikin sirdi, na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yaya, wa ya ce ka yi gwaji? Can haya ake bayarwa, har da masu batir, kai dai ka riƙe kai." Sannan ya tambaye ni ko na fara maganar biza, tunda ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, sai an fita wata ƙasa. Na buɗe littafin tsari, shafi bayan shafi, har da farashin burodi a Karkason, babu biza ko a gefe.

Keken yanzu yana hannun autana, yana ɗauko ruwa da shi. Gero kuma mun kusa cinye rabi, surukina ya ce wani buhun na tafe.