Likita marar galo a cikin bariki

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya ɗakin shan magani a Damagaram ya san majo. Shi ne babban malamin jinya, makullin kabad ɗin magani ma a aljihunsa yake kwana. Kaɗan ne ke tuna cewa sunan nan daga bariki ya fito. A zamanin Faransa, tun Zinder na babban birnin ƙasa kafin a mayar da shi Yamai a 1926, likitocin da ke duba mutane a nan sojoji ne, mataimakansu ma da muƙamin soja ake kiransu. Maganin Bature da kaki ya shigo mana. Yau tambayar ta juya baya: likitan da bai taɓa sa kaki ba, yana da wurin zama a asibitin soja?

Ni dai na ce yana da shi, amma da sharaɗi.

A fara da bencin jira. Wanda bai taɓa leƙa ɗakin shan magani na bariki ba zai zaci masu raunin harsashi ne jere. Ina! Matan sojoji ne masu juna biyu, da yara masu zazzaɓin cizon sauro da damina, da lajidan mai hawan jini, da tsohuwar da ɗanta ya ɗauko daga ƙauye. Bariki gari ne guda. Likitan soja kuwa inda ayari ya nufa can ya nufa. Tun watan Fabrairun 2015, da Boko Haram ta auka wa Bosso da Diffa, motocin soja ba su daina bin hanyar Gure da Gudumariya da Maine ba, kuma dole likita ya bi su. Idan ya tafi, naƙuda ba ta jiran dawowarsa. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Amma abin da ya fi damuna wani ne daban. Likitan soja hafsa ne. Ƙaramin soja sai ya ƙame ya sara masa kafin ya zauna. To yaya mutum zai dubi kaftin ko kwamanda ya ce rabonsa da barcin kirki wata uku, ko ƙarar murfin tukunya na sa ya zabura, ko sai ya haɗiyi tramol yake iya fita sintiri? A ransa ya san wanda yake faɗa wa da shugabansa tare suke cin abinci. Ba na zargin likitocin soja da tona asiri. Rantsuwar da suka yi ita ce ta kowane likita. Sai dai tsoro ba ya karanta rantsuwa.

Wani abokina likita da ya yi aiki a wani bariki ya ba ni labarin sojan da ya zo masa sau uku da ciwon kai. A zuwa na huɗu ya tura ƙofa, ya ce: "Lokotoro, kai ba soja ba ne ko?" Da ya ji a'a, sai ya zauna ya yi ta magana kan abokinsa da nakiya ta tashi da motarsu a gaban idonsa. Ciwon kan dama ba na aspirin ba ne. Rashin galon, wato alamar muƙamin soja, shi ne ya buɗe bakin yaron nan, ba ilimin da abokina ya fi wani da shi ba.

Masu kaki suna da nasu dalilan, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa farar hula bai san horo ba, kowa ya yamutsa fuska zai rubuta masa takardar hutu, alhali ana neman mutane a fagen daga. Suna cewa yana da ƙungiyar ƙwadago, ranar da aka kira yajin aiki zai rataye rigarsa, soja kuwa ba ya yaji. Akwai kuma batun sirri: wanda ya ga yawan masu rauni da inda aka kwaso su ya san abin da abokan gaba za su so su sani. Biyun ƙarshe yarjejeniya a rubuce ta ishe su. Na farkon ne ke buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan sharaɗina yake.

Alƙalamin likita bai kamata ya zauna ƙarƙashin galon kowa ba. Kwamanda yana da haƙƙin ya san abu guda: wannan yaro zai iya aiki ko ba zai iya ba, kuma zuwa yaushe. Sunan cutar ba nasa ba ne. Idan likita ya rubuta kwana goma, wani na sama ya kira shi ya ce a mayar uku, to an ɗauki magatakarda ne kawai aka sa masa farar riga. Sojan da aka tura da ƙafar da ba ta gama ɗorewa ba, ko da kan da bai kwanta ba, kaya ne a wuyan abokansa. Saboda haka nake jin tsoron a ce matasan da suka fito daga sashen likitanci na Jami'ar André Salifou ta Zinder, masu hidimar ƙasa, su kaɗai za a jefa. Yaron da ke jiran a ɗauke shi aikin gwamnati, da wane baki zai ce wa kanar a'a? A haɗa shi da babba wanda ya ga jiya, a kuma ba shi hukumar likitoci da zai kai kuka gare ta a wajen bariki.

Wani zai ce babban asibitin Zinder kansa likitoci ba su ishe shi ba. Gaskiya ne. Amma masu raunin da ya fi ƙarfin bariki dama can ake kai su, ko a wuce da su Yamai, tafiyar wajen kilomita 900. Farar hula sun daɗe suna ɗinke sojoji. Tsarin ne kawai babu.

Sai wanda ya ajiye kaki. A Amurka tsofaffin sojoji na da ma'aikatarsu da asibitocinsu fiye da 150, kuma akasarin likitocin ciki farar hula ne, domin ciwon tsohon soja na shekaru ne: ƙafar roba da za a sauya, kunnen da ƙarar bindiga ta kashe, barcin da ya ƙi dawowa. Ba mu da kuɗin Amurka, ba kuma nake cewa a gina irin nasu ba. Mu abin da muka gada shi ne labarin mazan jiya da suka yi wa Faransa yaƙi, aka daskarar da fanshonsu tun 1959, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011, bayan yawancinsu sun kwanta dama. Na yanzu ba tsofaffi ba ne. Wasu ba su kai talatin ba, suna zaune a Birni da Zango da Garin Malam da sanda a gefen tabarma.

A ware musu rana ɗaya a mako a asibitin gari, da likita ɗaya tsayayye wanda ya san fayil ɗin kowa, da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ɗakin da ke kusa. Katin da ya nuna mutum ya yi yaƙi a Bosso ko Inates ya isa a ba shi magani ba tare da an tambaye shi jika nawa ya zo da ita ba.